Idan hukuma ta janye takardar izinin sana'a, ina iyakar ikon alƙali?

Mai farmasi a Maraɗi ko mai asibiti mai zaman kansa a Damagaram, ba ya aiki sai da takardar izini daga hukuma. Ranar da aka janye takardar, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne kotu. Sai dai ba kowace kotu ke da hurumin sauraren wannan ƙara ba, kuma wadda ke da hurumin ma ikonta na da iyaka.

Tsarin da Nijar ta gada daga Faransa ya raba shari'ar jama'a da shari'ar hukuma. Tun dokar watan Agusta na 1790 aka hana alƙalan kotunan yau da kullum na Faransa tsoma baki cikin ayyukan mahukunta. Janye izini matakin hukuma ne, don haka alƙalin da ke raba rigimar bashi ko ta gado ba shi ne zai soke shi ba. A Nijar, ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 2010, Conseil d'État ce babbar kotun da ke duba irin waɗannan matakai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka kafa Cour d'État, ta karɓi aikinta tare da na Cour de cassation.

Ƙarar da ake shigarwa ita ake kira recours pour excès de pouvoir, wato ƙorafin cewa hukuma ta wuce gona da iri. Alƙali yana duba ko wanda ya sa hannu yana da ikon yin haka, ko an bi ƙa'idojin da doka ta shimfiɗa, ko dalilan da aka kafa hujja da su gaskiya ne, da ko an yi amfani da iko don wata manufa ta daban, kamar ramuwar gayya. Ba aikinsa ba ne ya hau kujerar minista ya zaɓi matakin da shi zai ɗauka. Nan ne masu ƙara da yawa ke shan mamaki.

Misalin da ake koya wa ɗaliban shari'a shi ne na wata bazawara mai rumfar sayar da jaridu a Paris, Trompier-Gravier. Perfe ya janye mata izini bisa zargin wani laifi, ba tare da an ji ta bakinta ba. A ranar 5 ga Mayu 1944 Conseil d'État ta Faransa ta soke matakin. Kotun ba ta wanke matar daga zargin ba, ta dai ce hukunci mai nauyi haka ba ya halatta sai an ba mutum damar kare kansa. Ke nan hukuma na iya sake janye izini bayan an soke, muddin wannan karon ta bi ƙa'ida.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ya fi kayar da mutane. A Nijar sai an fara kai kuka ga hukumar da ta ɗauki matakin ko ta sama da ita kafin a garzaya kotu, kuma kowane mataki yana da wa'adi. Wanda ya makara, ko da gaskiya na gefensa, ba za a ma buɗe takardunsa ba. Shigar da ƙara kuma ba ya dakatar da matakin, shago na nan rufe har a yanke hukunci, sai in an nemi dakatarwar daban kuma alƙali ya amince.