Tsatsar ƙasan but a Peugeot 504: dalilai da gyara

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna. Wadda ta rage a hanya yau, injinta kan fi jikinta ƙwari, kuma ƙasan but, wato ma'ajiyar kayan baya, na cikin wuraren da tsatsa ke fara ci.

Ruwa ne mafarin matsalar. Rana na busar da robar murfin but da ta fitilun baya, ruwan damina ya shiga ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa. Buhun gishiri ko kanwa na ƙara ta'azzara ta, haka ma iskar bakin teku a Duwala ko Kwatano.

Ana ɗage shimfiɗa a caccaki ƙarfen da sukudireba. Idan tsatsar a sama take, a kankare ta har ƙarfe ya yi fari, a shafa maganin tsatsa da fenti. Idan ya huje, sai an yanke ruɓaɓɓen wurin gaba ɗaya, an sa sabon faranti mai kaurin kusan milimita 1. Mai walda yakan ɗiga wuta nan da can, yana barin ƙarfen ya huce, don kada ya lanƙwashe. Kafin a kunna wuta, dole a cire tankin fetur. Tankin da ba mai ma tururinsa na iya fashewa.

Wasu kan cike ramin da fila su rufe da fenti. Yana da arha, amma tsatsar na ci gaba a ƙarƙashi, shi ya sa mai saye ke gwada wurin da mayen ƙarfe, wanda ba ya kama fila mai kauri.