Daga Avenue Zuwa Titi: Tarihin Kalma Biyu a Birnin Ibadan

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Bodija ta birnin Ibadan zai ci karo da allon da aka rubuta Awolowo Avenue. In ya miƙa arewa zuwa kasuwar Shasha kuwa, ba zai ji Bahaushe ko ɗaya ya furta wannan kalma ba. Titi kawai zai ji, ko hanya, ko layi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun kalmar avenue, ta kuma duba dalilin da ya sa Hausa ba ta are ta ba, alhali ta ari 'yar'uwarta.

Asalin Kalmar

Ingilishi ya aro kalmar ne daga Faransanci a farkon ƙarni na 17, tushenta kuma wani aikatau ne na Latin mai nufin isowa. Ma'anarta ta farko ita ce mashiga, wato hanyar da ke kai mutum wani wuri. Zuwa tsakiyar ƙarnin, masu gidan gona na Ingila suka mayar da ita sunan miƙaƙƙiyar hanya mai itatuwa dama da hagu, wadda ke kai baƙo ƙofar gidan babban mutum. A Amurka ta sami ma'ana ta uku: taswirar birnin New York ta 1811 ta shata manyan hanyoyi 12 masu faɗin ƙafa 100 ta kira su da wannan suna, ta bar akasarin na gicciye a ƙafa 60. Ke nan abu uku kalmar ta ƙunsa: faɗi, da inuwa, da isa ga mai daraja.

Bahaushe bai rasa irin waɗannan ba tun da can. Yana da gwadabe, babbar hanyar fatake. Yana da burtali, hanyar shanu mai shinge gefe da gefe. Yana da turba da kwararo da lungu, kowanne da girmansa.

Zuwanta Ibadan

Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, bayan shekara goma layin dogo ya kai Kano. Cinikin shanu da goro ya haɓaka, Hausawa suka yawaita, har a 1916 aka keɓe masu unguwar Sabo kusa da Mokola. A 1917 Gwamna Lugga ya fito da dokar tsara garuruwa, wadda ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Ƙa'idar lokacin ita ce a bar filin yadi 440 a tsakani. A irin waɗannan keɓaɓɓun unguwanni ne kalmar avenue ta sauka a Nijeriya, daga baya rukunonin gidajen manyan ma'aikata irin Bodija suka gāje ta. Bahaushen Sabo ba ya shiga can sai in ya kai haja ko ya je gadi. Harshe kuwa ba ya aron sunan abin da masu shi ba sa mu'amala da shi kullum.

Kalmar da ya ara ita ce titi, wadda asalinta street ce ta Ingilishi. Siffarta ta isa shaida cewa ta biyo ta bakin Yarbawa. In Bahaushe ya ari kalma irin wannan kai tsaye, yakan riƙe baƙin farko ya cusa wasali, kamar yadda ya yi a sito da sitiyari. Da haka aka yi da mun sami wani abu kamar sitiriti. Bayarabe ne ya yar da baƙin farko ya ce titi, Bahaushe ya karɓa daga gare shi, kamar yadda ya karɓi ashana da akawu da agogo. Wannan aro ba ya yiwuwa sai da zama tare da ciniki na yau da gobe, irin wanda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 game da Sabo, inda masu masauki ke haɗa baƙon falke da mahaucin gari, a ba da shanu bashi bisa amana.

Darasin Shasha

Kasuwar Shasha tana cikin ƙaramar hukumar Akinyele, a mashigar birnin daga arewa. Nan manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da attaruhu daga Kano da Katsina da Sakkwato. In aka koma ga ma'anar farko, hanyar Shasha ta fi ta Bodija cancantar sunan avenue, domin ta nan abincin gari ke isowa.

A watan Fabrairun 2021 sa-in-sa ta ɓarke tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago kan kayan da suka zube a ƙofar shagonta. Aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, iyalai da yawa suka yi hijira. Gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka je suka gana da Gwamna Seyi Makinde. A ƙarshen watan ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a Ibadan da Ikko, a arewa kuwa tumatir ya yi kwantai a hannun manoma. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa cewa hanya baki biyu gare ta.

Kammalawa

Avenue ta zauna a kan allo, titi ta shiga bakin mutane. Ta farkon tana tuna mana zamanin da aka shata gari domin a raba jama'a, ta biyun kuwa gādo ce ta Bature da Bayarabe da Bahaushe. Ya kamata ɗalibanmu na nazarin harshe su shiga Sabo da Shasha su tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin dattawa tun suna raye, domin a cikinsu ne tarihin maƙwabtakar nan yake ajiye. Hausawa dai sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.