Tarihin Huɗa a Ƙasar Anka, Daga Garmar Hannu Zuwa Tsohuwar Tarakta

Ƙasar nan ta yammacin Zamfara, wadda Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suke shayarwa, wadda kuma ta haɗa Anka ta Sarkin Zamfara, da Gummi ta Sarkin Mafara, da Bukkuyum ta Sarkin Danko, tun kafin Gobirawa su ci Birnin Zamfara a zamanin Babari, har sarautar ta yi ta ƙaura ta zo ta tabbata a Anka, ƙasa ce ta ma'abota noma, waɗanda darajar magidanci a wurinsu take ga yawan damman da ya ɗaure da kaka. Kayan aikinsu a wancan zamani ba su wuce abin da maƙerin gari yake fitarwa daga tama ba, watau sungumi na shuka, da fartanya ta noma, da kuma garma mai faɗin baki wadda ake tayar da kunya da ita. Huɗa kuwa ita ce mafi tsananin aikin damina, domin mutum yana duƙe ne tun hantsi har azahar yana ɗaga ƙasa mai nauyin ruwa, saboda haka iyakar gonar gida ita ce iyakar ƙarfin damtsen mazan da ke cikin gandu, sai fa in an kira gayya, samarin gari suka taru da makaɗansu, aka dama fura, aka gama a yini ɗaya abin da zai ci gida guda mako.

Garmar shanu baƙuwa ce a ƙasar Hausa, ko da yake mutanen Masar da na Habasha sun daɗe da saninta. Abin da ya kawo ta shi ne bukatar masaƙun Ingila ga auduga. Bayan an kafa gonar gwaji ta Samaru kusa da Zariya a 1922, a zamanin da Faulkner yake shugabancin ma'aikatar gona, Turawa suka yi tadbirin haɗa noma da kiwo a hannun mutum ɗaya, suna nufin shanu su ja garma, su kuma ba da taki, domin a faɗaɗa gona ba tare da ƙasa ta gaji ba. A 1928 aka fara da waɗansu manoma 'yan kaɗan, aka kuma tsara cewa baitulmalin En'e ya ranta wa mutum bijimai biyu da garma, ya riƙa biya bayan kaka. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gusau, ta kuma kai Kaura Namoda a 1929, aka kuma kafa wuraren gurzar auduga, sai kasuwar auduga da gyaɗa ta matso kusa da Zamfarawa, dalilin faɗaɗa gona ya samu.

A ganina, hikimar da ta sa wannan al'amari ya yi saiwa tana cikin siffar garmar kanta. Wadda aka zaɓa, mai suna Emcot, ƙirar kamfanin Ransomes na garin Ipswich, tana da baki ɗaya da fukafukai biyu, idan ta shiga tsakiyar tsohuwar kunya sai ta tsaga ta, ta watsa ƙasa dama da hagu, sabuwar kunya ta tashi a inda kwari yake bara, ta binne ciyawa da taki a cikinta. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Bahaushe yake yi da hannunsa tun kaka da kakanni, saboda haka ba a nemi ya canza al'adar shukarsa ba, an dai ɗauke masa nauyin ne daga ƙugunsa aka ɗora a wuyan shanu. Duk da haka ba ta bazu da sauri ba, domin talaka yana tsoron bashin hukuma, sammore kuma yana kashe shanu a dazuzzukan kudu inda tsando yake, kuma da fari galibi hakimai da dagatai da attajirai ne suka samu. Sai da maƙeran gida suka gane sirrinta, suka iya ƙera baki da fukafukai daga ƙarfen tsofaffin motoci, sa'an nan ta zama kayan kowa.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona da sanyin safiya ya san yadda aikin yake. Tun da rani an huda hancin bijimai an sa musu igiya, an horar da su da jan gungume har sun saba da karkiya. Ranar huɗa yaro yana gaba ko yana gefe da tsumagiya, uba yana riƙe da hannuwan garma yana danna ta inda ƙasa ta yi tauri, yana ɗaga ta inda ya san akwai kututture, yana kiran kowane sa da sunansa, kafin rana ta yi zafi kuma a kwance su a kai su inuwa. Bilhasali, waɗannan shanu dukiya ce mai ƙaruwa, domin bayan sun yi huɗa, sun ja amalanke da taki da amfanin gona, sun ci harawa da dusa shekara uku ko huɗu, mai su yakan sayar da su da riba, ya sayi ƙanana ya sake horarwa, har ya sami rarar aurar da 'ya ko guzurin aikin Hajji.

Tarakta kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Ingila ta shiga ƙarancin man girki, hukumarta ta ɗauka cewa inji zai yi wa Afirka a shekara goma abin da sa ba zai yi a hamsin ba. Aka buɗe babban shirin gyaɗa a Tanganyika a 1947, ya rushe. Aka buɗe wani shirin noma a Mokwa a 1949, aka watsar da shi a 1954. Aka kuma sa katafiloli suna kaftun fadamun Sakkwato domin shinkafa. Abin da Mokwa ta bayyana shi ne, inji yana iya buɗe ƙasa mai yawa, amma ciyawar da za ta fito a cikinta hannu ne zai nome ta, hannun kuwa bai ƙaru ba, ga kututture da saiwoyi suna karya ƙarfe, ga kayan gyara sai an jira jirgin ruwa. Da arzikin man fetur ya zo aka sake ɗaura niyya: shirin raya noma na Gusau da taimakon Bankin Duniya a 1975, da shirin ciyar da ƙasa na 1976, da madatsar Bakolori da aka gama a 1978, wadda rikicin diyyar gonakinta ya jawo zubar da jinin manoma a 1980, Allah Ya ji ƙansu. Aka riƙa harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano, aka buɗe ofisoshin hayar tarakta, inda sau da yawa layi ba ya isowa kan talaka sai lokacin shuka ya wuce. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan gyara suka gagara, taraktocin hukuma suka jeru a harabar ofisoshi ba taya, har aka yi gwanjon waɗansu.

To, waɗanda suka tsira daga cikinsu, su ne waɗanda suka faɗa hannun 'yan kasuwa da bakanikan gari, kuma mafi yawansu jajayen nan ne, Massey Ferguson, waɗanda suka gaji dabarar Harry Ferguson ta rataya garma a bayan tarakta da hannuwa uku masu ɗagawa da ƙarfin mai. Injinsu ba shi da wani ɓoyayyen abu da ya gagari sifana da walda. Za ka ga wadda ta girmi direbanta, fenti ya koɗe, batir ya mutu har sai an ajiye ta a gangare ko samari sun tura ta, jarkar gas tana ɗaure a gefe da tiyo, yaron mota yana zaune a kan madogarar taya da guduma; amma da ta yi tari ta tashi, aka sauke haro, fayafayan da suka sha wasa har suka ƙanƙance suka nutse, sai ta gama kafin azahar abin da shanu za su yi kwanaki a kansa, musamman a laka ta fadama wadda take gagarar bijimai. Irin amincin da garmar shanu ta samu a wurin maƙeri, shi wannan tsohuwa ta samu a wurin bakanike, kuma lalle shi ne ya raya ta bayan waɗanda aka saya da miliyoyi sun zama kufai.

Ƙauyukan wannan ƙasa sun ga jarrabawa biyu da suka taɓa wannan tarihi. Ta farko ita ce zinariya, wadda ta janye samari daga gona zuwa ramuka, aka riƙa niƙa duwatsu a cikin gidaje, alhali suna ɗauke da dalma, har a 2010 aka gano gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare da Dareta da 'Yargalma da Bagega, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa. Ta biyu ita ce satar shanu da ta tsananta bayan haka, wadda ba ta bar garken Bafulatani ba, ba ta kuma bar bijimai biyun da ke ɗaure a turken manomi ba, har mallakar sa ta zama abin da ke kiran ɓarayi zuwa gida. Mutane da yawa sun sayar da nasu kafin a ƙwace, waɗansu sun yi hijira zuwa cikin Anka, garmunan Emcot suna jingine a zaure. Mai hali yana jiran tsohuwar tarakta ta haya, idan direba ya yarda ya shiga daji, yana biyan kuɗin gas da ya ninka tun 2022. Marar hali kuwa ya koma wurin maƙeri ya sa an yi masa garmar hannu, yana huɗa a gonakin da ke kusa da gari, na nesa kuwa sun koma saura.