Hasashen Baɗi Da Lissafin Batir

Kwanan baya na je gida Kajiji, wato garinmu da ke Ƙaramar Hukumar Shagari, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega in an wuce Boɗinga. Bayan sallar isha'i sai ga ɗan ƙanwata ya zo ya tsuguna gefen tabarma, ya miƙo mini wayarsa cike da hasashen masana kan na'urorin wasan bidiyo da za su yi tashe baɗi, na girke da na aljihu. Ashe 'yan kuɗin da ya tara a noman rani yake so ya buɗe gidan gem da su. Ya ce, "Kawu, mi kag gani? In jira sabuwag ga, ko in sayi tsohuwa?" Ban ba shi amsa a take ba, domin jarin shekara guda ba abin wasa ba ne, ko da a kan wasa za a zuba shi. Tarihi na ba shi, kuma shi zan ba ku.

Gem na farko da na taɓa riƙewa shi ne wanda ake kira Brick Game, ɗan Cana, wanda yayana ya sayo mini a kasuwar Sakkwato a shekarun 1990. An rubuta a jikinsa cewa wasanni 9999 ne a ciki, alhali in ka ƙirga da kyar za su kai goma, sauran duk maimaici ne. Babban wasan da ke ciki kwaikwayon Tetris ne, na jera bulo, wanda wani Barashe, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Da mahaifinmu ya gan shi, Allah Ya jiƙansa, bai tambayi sunansa ko ƙasar da ta ƙera shi ba. Cewa ya yi, "Abin ga, batir nawa shika ci?" Yana da dalili, don ya san daga ƙaramar rediyonsa za mu riƙa zare batir ɗin.

Sai da na girma na gane cewa tambayar tsohon nan ita ce ta raba gardama a babbar kasuwar duniya. A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy, ƙarƙashin jagorancin injiniya Gunpei Yokoi. Fuskarsa ba ta da kala, wani kore-kore ne kamar ruwan kududdufi, ba ta ma da hasken da za a gani cikin duhu. A shekarar ce Atari ya kawo Lynx mai kala, a 1990 kuma Sega ya biyo da Game Gear, shi ma mai kala da haske. Duk mai ido in an jera masa ukun nan zai ce na Nintendo ya zo a makare, kuma haka da yawa suka ɗauka. To amma Game Gear batir shida yake haɗiyewa cikin awa uku zuwa biyar, shi kuwa Game Boy batir huɗu kan kai shi fiye da awa 15, ga shi dala 90 kacal. Da aka tashi lissafi, Game Boy da ƙanensa mai kala sun haura miliyan 118, Game Gear kuwa ya tsaya a wajen miliyan 10. Kada dai a ɗauka Yokoi ba ya kuskure: shi ne ya kawo Virtual Boy a 1995, wanda ko miliyan ɗaya bai sayar ba.

Abin mamaki, masu hasashe ba su ɗauki darasi ba. A ƙarshen 2004 Sony ya fito da PSP, kyakkyawa son kowa, ana kallon fim ana jin kiɗa a cikinta, masu sharhi da dama suka ce kwanan Nintendo a aljihun mutane ya ƙare. Nintendo DS, mai fuska biyu da ɗan tsinken taɓawa, ta sayar da miliyan 154, PSP ta samu wajen miliyan 80. Haka aka sake yi a 2006, PlayStation 3 ta zo da farashin dala 499 da 599, Wii mai ƙaramin ƙarfi ta zo a dala 249, ta kuma wuce miliyan 100.

Mu a Kajiji duk wannan kokawa ba mu san ana yi ba. Abin da ya iso mana daban ne. Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma da sabis ya bazu zuwa garuruwa irin namu, Nokia 3310 ce ta zama gem ɗin kowa. Wasan maciji! Na ga magidanci da gemunsa ya ƙura wa waya ido yana cije leɓe don kada maciji ya ciji wutsiyarsa. Ba don wasa aka sayi wayar ba, amma caji ɗaya kan yi kwanaki, shi ya sa ta zauna. Da Nokia ya ce bari ya yi wayar gem ta musamman, wato N-Gage ta 2003, sai da ka cire batir kafin ka sauya wasa, in za ka amsa kira kuma sai ka kanga gefenta a kunne kamar mai riƙe da ɓarin ƙwarya. Ba ta yi kasuwa ba.

Ta girke kuwa, PlayStation 2 ce ta yi sarauta a wajenmu. Ta fito a Japan a watan Maris na 2000, amma sai da ta tsufa a can, ta zama gwanjo, sannan ta cika rumfunan gem na Sakkwato da garuruwan kan hanya. Talabijin mai ƙeya, benci biyu, ƙaramin janareta yana ta ƙugi a waje, samari biyu na buga ƙwallo goma na jiran layi, wanda aka ci shi zai biya. Faifanta na da arha, masu gyaran rediyo sun koyi cikinta, in ta ƙi karanta faifai a goge mata ido ta ci gaba. Sai a farkon 2013 aka tabbatar an daina ƙera ta, bayan ta sayar da abin da Sony ya ce ya haura miliyan 160, kuma a cikin wasanninta na ƙarshe akwai ƙwallon Pro Evolution Soccer 2014. Kamar dai sun san da mu.

Gaskiya ma'aunin mahaifinmu ba kullum yake cin gari ba. Bayan Wii U ta 2012 ta faɗi da miliyan 13 da ɗoriya, an yi ta cewa wayar zamani ta binne gem na aljihu, Nintendo ya haƙura ya koma yi wa waya wasanni. Sai ga Switch a watan Maris na 2017, wadda cajinta 'yan awoyi ne kawai, ta haura miliyan 150. Masu hasashe sun sha ƙasa, ni ma na sha, don a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa batir ya daina zama alƙali. Amma mu nan har yau shi ne, sai dai ya sauya kama ya koma litar fetur. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, mai gidan gem ya koma lissafa kowane wasa da man da zai ƙona. Ita kuwa Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025, dala 450 aka sa mata. Sai ku juya ta zuwa naira, ku raba da abin da yaron Kajiji ke iya biya a wasa ɗaya.

Da na kai nan sai na ce wa ɗan ƙanwata hasashena na baɗi ɗaya ne, kuma na Kajiji ne kawai: PlayStation 4, wadda ta fito tun 2013, ita za ta ci gaba da ciyar da mai rumfa, muddin akwai ƙwallo a cikinta da wanda zai gyara ta a Sakkwato. Na ce ya sayi guda ɗaya mai lafiya, ragowar kuɗin ya zuba a farantin sola da batir mai kyau, ya haɗa da cajin waya a gefe. Ya yi shiru yana shafa wayarsa, da alama hoton sabuwar bai fita ransa ba. Can sai ya ɗago ya ce, "To Kawu, solar ga, talabijin nawa taka ɗauka?"