Folifenol: Yadda ake auna abin da manya ke samu daga abinci

Folifenol suna ne na wani gungun sinadarai da tsirrai ke samarwa domin kare kansu daga zafin rana, ƙwari da cututtuka. Masana sun gano fiye da nau'i 8,000. Su ne ke ba zoɓo launinsa ja, su ne kuma ke barin bauri a baki bayan cin goro ko shan shayi mai kauri. Ba a lissafa su cikin bitamin, domin babu wata cuta da aka san rashinsu kaɗai na haddasawa. Duk da haka, bincike da dama ya danganta yawan cinsu da raguwar haɗarin ciwon zuciya.

Hanyoyin aunawa

Aikin yana da matakai biyu. Na farko shi ne sanin abin da mutum ya ci: ko dai a tambaye shi abin da ya shiga bakinsa cikin sa'o'i 24 da suka wuce, ko ya cike takardar da ke nuna sau nawa yake cin kowane abinci a wata ko shekara, ko kuma ya riƙa rubutawa na 'yan kwanaki. Na biyu shi ne lissafa sinadarin da ke cikin abincin ta hanyar duba rumbun bayanai. Mafi shahara shi ne Phenol-Explorer, wanda cibiyar binciken noma ta Faransa ta wancan lokacin, INRA, ta samar, mai ɗauke da nau'in folifenol kusan 500 a cikin abinci fiye da 400. Ma'aikatar Noma ta Amurka ma ta fitar da nata a 2003. Wasu masu bincike kan ƙara da gwajin fitsari ko jini, domin ganin abin da jiki ya tsotsa a zahiri.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2016, binciken EPIC ya wallafa sakamakon manya sama da 36,000 daga ƙasashen Turai 10. Mazan birnin Aarhus na Denmark ne kan gaba da miligiram 1,786 a rana, matan Girka kuma a ƙasa da 584. Kofi, shayi da 'ya'yan itatuwa ne suka samar da kaso mafi tsoka. Kanumfari ya fi kowane abinci yawan folifenol, kusan giram 15 a cikin giram 100, amma da yake ɗan kaɗan ake barbaɗawa, gudummawarsa ba ta kai ta kofin shayin da ake sha kullum ba.

Inda lissafin ke tangarɗa

Mutum yakan manta abin da ya ci, ko ya rage, ko ya ƙara. Yawan sinadarin yana sauyawa gwargwadon iri, ƙasar noma, nuna da yadda aka dafa. Tsohuwar hanyar gwaji ta Folin-Ciocalteu kuma takan haɗa har da bitamin C, sai adadin ya kumbura.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin cikas. Manyan rumbunan bayanan an gina su ne bisa cimar Turai da Amurka, alhali jar dawa, zoɓo, goro, kuka da tsamiya duk suna ɗauke da folifenol. Teburin abincin Afirka ta Yamma da hukumar FAO ta sabunta a 2019 ya fi mayar da hankali kan furotin, bitamin da ma'adinai. Sannan inda iyali ke cin tuwo a kwano ɗaya, tantance rabon kowa ba ƙaramin aiki ba ne.

Dalilin damuwa da batun

Ba kowane ƙari ne alheri ba. Tanin, wani reshe na folifenol da ke cikin shayi da wasu nau'o'in dawa, yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, lamari mai muhimmanci inda ƙarancin jini ya yawaita tsakanin mata. Tarayyar Turai ba ta barin kamfani ya rubuta iƙirarin lafiya a jikin kaya sai da hujja: man zaitun, alal misali, sai ya ƙunshi miligiram 5 na wani nau'in folifenol a kowane giram 20. Saboda haka, duk mai tallar garin magani ko shayi da sunan folifenol, ya kamata a tambaye shi: nawa ne a ciki, wa ya auna, kuma a kan waɗanne mutane aka gwada?