Muhawarar Masoyan Beatles: Tarihin Gardamar da Ta Haura Shekara Hamsin

Beatles ƙungiyar mawaƙan rok ce ta mutum huɗu daga birnin Liverpool na Ingila: John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr. Daga fitowar faifansu na farko a watan Oktoban 1962 zuwa watsewarsu a watan Afrilun 1970, shekara takwas ba ta cika ba. Amma gardamar da masoyansu ke tafkawa a kan waƙoƙinsu, da kuma a kan aikin da kowannensu ya yi bayan an raba gari, ta haura shekara hamsin, har ta zama al'ada mai mujallunta da littattafanta da tarukanta na shekara-shekara. Tarihin wannan al'ada yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin ƙungiyar kanta.

Lennon ne ya kafa tushen ƙungiyar yana ɗan makaranta, da sunan Quarrymen. Ya haɗu da McCartney ranar 6 ga Yuli 1957 a wajen wani biki na coci a unguwar Woolton, Harrison kuma ya shigo a 1958. Sun goge ne a gidajen rawa na Hamburg a Jamus, inda tun daga 1960 suke kwana suna kiɗa, da kuma a Cavern, wani gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa a Liverpool inda suka yi wasa kusan sau 300. A watan Agustan 1962, bayan manajansu Brian Epstein ya samo musu kwantiragi da kamfanin EMI, aka sallami makaɗin gangarsu Pete Best, aka ɗauko Ringo Starr. Magoya bayan Best suka yi bore a Cavern, har Harrison ya fita da kumburarren ido. Wannan ita ce rigima ta farko a tsakanin masoyan ƙungiyar, kuma har yau ana tayar da ita.

Abin da ya sa gardama ta samu gindin zama shi ne tsarin ƙungiyar. Yawancin takwarorinsu na lokacin suna da mawaƙi ɗaya a gaba, sauran kuwa makaɗa ne da 'yan amshi. Su Beatles duka huɗun suna rera waƙa, kowa da muryarsa da halinsa, don haka kowane masoyi yana da gwaninsa. Bugu da ƙari, Lennon da McCartney sun yi yarjejeniya tun suna samari cewa duk waƙar da ɗayansu ya rubuta, sunayensu biyu za a sa mata. Wannan ya bar tambayar da aka shafe shekaru ana bin diddiginta: wane ne ainihin mai wannan baiti, wane ne mai wancan karin?

A shekarun farko soyayyar ta fi kama da zazzaɓi. Kimanin mutum miliyan 73 ne suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka ranar 9 ga Fabrairu 1964, kuma a watan Afrilun shekarar waƙoƙinsu ne suka riƙe matsayi biyar na farko a jadawalin Billboard. Ƙungiyar masoya ta hukuma tana aika wa mambobinta ɗan faifan gaisuwar Kirsimeti kowace shekara daga 1963 zuwa 1969, akwai kuma mujallar wata-wata da ba ta da wani batu sai su. A wuraren wasa kuwa ihun 'yan kallo kan danne kiɗan, har su kansu makaɗan ba sa jin abin da suke bugawa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa suka daina yawon wasa bayan wanda suka yi a San Francisco ranar 29 ga Agusta 1966.

Daga nan ne masoya suka koma nazari. Tunda ba a ganinsu a dandamali, faifai ya zama komai. Kundin Sgt. Pepper na 1967 ya fito da baitocin waƙoƙin a rubuce a bayan kwalinsa, aka shiga karanta su ana neman ɓoyayyar ma'ana. Abin ya kai ga a 1969 jita-jita ta bazu a jami'o'in Amurka cewa McCartney ya mutu tun 1966, an kawo mai kama da shi. Hujjar masu wannan magana har da hoton kundin Abbey Road, inda su huɗun ke tsallaka titi a jere: McCartney ba takalmi a ƙafarsa, yana riƙe da sigari a hannun dama alhali bahago ne. Sai da mujallar Life ta je gonarsa a Scotland ta yi hira da shi kafin ƙurar ta lafa. Kundin da ake kira Farin Kundi na 1968, mai waƙoƙi 30, shi ma ya haifar da tasa gardamar, domin furodusansu George Martin da kansa ya so a tace shi a bar faifai ɗaya. Har yanzu masoya na tsara jerin waƙoƙin da suke ganin su ya kamata a bari.

Ɓarakar ta faro ne bayan mutuwar Epstein a watan Agustan 1967. Kamfanin Apple da suka kafa a 1968 ya yi ta zubar da kuɗi, aka rasa wanda zai riƙe ragamarsa. Lennon da Harrison da Starr suka zaɓi Allen Klein, McCartney kuwa ya so surukinsa Lee Eastman. Starr ya yi yaji na ɗan lokaci a 1968, Harrison ma ya yi nasa a watan Janairun 1969. Lennon ya shaida wa sauran a asirce a watan Satumban 1969 cewa zai fita, amma McCartney ne ya fasa ƙwan a bainar jama'a a watan Afrilun 1970, sannan ya kai ƙara kotu ranar 31 ga Disamba na shekarar don a rushe haɗin gwiwar. Saboda haka laifin ya faɗa kansa a idon mutane da yawa. Wasu kuma suka ɗora wa Yoko Ono, matar Lennon, wadda ke zama tare da shi a situdiyo.

Bayan watsewar, aikin kowannensu ya zama shaida a wannan shari'a ta masoya, domin yanzu ana iya jin abin da kowa ya iya in yana shi kaɗai. Wanda ya fara ba da mamaki shi ne Harrison. A da 'yan waƙoƙi kaɗan ake ba shi a kundi, sai ga shi a watan Nuwamban 1970 ya fitar da All Things Must Pass mai faifai uku, akasarinsa waƙoƙin da ya daɗe yana tarawa. Waƙarsa My Sweet Lord ce ta farko daga wani tsohon ɗan ƙungiyar da ta hau matsayi na ɗaya, kodayake a 1976 kotun Amurka ta yanke cewa ya ari karinta daga wata tsohuwar waƙa ba da saninsa ba. A ranar 1 ga Agusta 1971 ya shirya wasan tallafa wa 'yan gudun hijirar Bangladesh a New York tare da Ravi Shankar. Daga nan masu cewa an danne shi a ƙungiyar suka samu abin kafa hujja.

Lennon ya fito da kundi a ƙarshen 1970 mai ƙarancin kayan kiɗa, yana waƙa a kan mutuwar mahaifiyarsa da raunukan ƙuruciyarsa, sannan Imagine ya biyo a 1971. A wannan lokacin shi da McCartney suka yi ta jifan juna da habaici a cikin waƙa, kuma na Lennon ya fi zafi. Wata doguwar hira da ya yi da mujallar Rolling Stone a 1970 ta kafa ra'ayin da ya daɗe yana tasiri, wato Lennon ne mai zurfin tunani, McCartney kuwa mai daɗin kari ne kawai.

McCartney ya sha suka daga 'yan jarida a kan ayyukansa na farko. Ya kafa ƙungiyar Wings a 1971 tare da matarsa Linda da Denny Laine, kuma a Legas ne sunansa ya farfaɗo. A 1973 ya zaɓi situdiyon EMI da ke Apapa don ɗaukar sabon kundi. Ana gab da tafiya mai jita da makaɗin ganga suka ajiye aiki, sai su uku suka sauka Najeriya, shi da kansa ya koma kan ganguna. Wata rana da dare 'yan fashi suka tare shi da Linda da wuƙa, suka tafi da kaset-kaset ɗin gwajin waƙoƙin. Fela Kuti kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da ya gayyace shi situdiyo ya saurari abin da ake ɗauka. Kundin da ya fito daga wannan wahala, Band on the Run, ya hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka, kuma da yawa na ɗaukarsa a matsayin mafi kyawun aikinsa bayan Beatles.

Starr, wanda aka zata zai fi kowa shan wuya, ya samu waƙoƙi biyu da suka kai matsayi na ɗaya a Amurka daga kundinsa na 1973, wanda sauran ukun duka suka sa hannu a ciki, kodayake ba su haɗu duka a waƙa ɗaya ba. Wannan ya ƙara rura begen sake haɗuwa. Ya kuma ƙarfafa wani wasa da masoya suka daɗe suna yi: a tsinto waƙoƙi daga ayyukan mutum huɗun na 1970 da 1971, a jera su a matsayin kundin da Beatles za su fitar da ba su rabu ba. A 1974 aka fara taron masoya na Beatlefest a New York, inda ake cinikin tsofaffin faya-fayai da na bayan fage, ana kuma zaman muhawara. Liverpool ma tana da makon Beatles a kowane watan Agusta.

Kisan Lennon a ƙofar gidansa a New York ranar 8 ga Disamba 1980 ya kashe maganar haɗuwa, ya kuma karkatar da ma'auni. Littafin Philip Norman na 1981 ya fifita shi ƙwarai, kuma an yi shekaru ana kallon McCartney a matsayin na biyu. Gyaran ya zo a hankali. A 1988 Mark Lewisohn ya wallafa bayanin zaman ɗaukar waƙoƙinsu rana bayan rana daga taskar EMI, wanda ya ba masu gardama abin dogaro maimakon ji-ta-ji-ta. A 1997 littafin Barry Miles ya kawo bayanin McCartney a kan wanda ya rubuta me. Da aka gwada shi da abin da Lennon ya faɗa a hirarrakinsa, sai aka ga sun yi daidai a kan mafi yawan waƙoƙin, saɓanin ya fi fitowa a kan In My Life da Eleanor Rigby.

Ukun da suka rage sun haɗu a shirin Anthology na 1995, suka ƙarasa waƙoƙi biyu daga kaset ɗin da Lennon ya bari. Harrison ya rasu ranar 29 ga Nuwamba 2001 sakamakon cutar daji. A 2021 Peter Jackson ya fitar da fim na kusan awa takwas daga hotunan da aka ɗauka a watan Janairun 1969. Gani ya kori ji: an ga saɓani da yajin Harrison, amma an ga raha da aiki tare, an ga Ono zaune tana karanta jarida ko tana ɗinki ba ta hana kowa aikinsa ba. Zargin da aka daɗe ana yi mata ya yi rauni sosai. Fasahar tsame murya daga hayaniya da aka ƙirƙiro don wannan fim ita ce ta ba da damar ƙarasa Now and Then a watan Nuwamban 2023, waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta kuma buɗe sabuwar gardama a kan ko ya dace a kira ta waƙar Beatles alhali biyu daga cikinsu ba su da rai.

A yau yawancin masu nazari sun fi jingina watsewar da rikicin kuɗi da shugabanci da kuma girman da kowannensu ya yi, fiye da laifin mutum ɗaya. Ayyukan cin gashin kai sun nuna cewa kowane ɗayansu gwani ne, sun kuma nuna abin da kowa ya rasa da ba wanda zai ce masa a gyara nan ko a cire can. Tambayar wanda ya fi a tsakanin Lennon da McCartney, da matsayin da ya dace da Harrison da Starr, na nan a buɗe, kuma kowace sabuwar fitowa daga taskar Apple takan sake tayar da ita.