Tarihin Hob na Wilin Baya: Tsakanin Kafaffen Haƙori da Firiwil

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran keke, ya ga an kwance wilin baya, an zubo 'yan ƙwayoyin boris a kan tsumma ana wanke su da kananzir, da wuya ya raya a ransa cewa wannan ɗan guntun ƙarfe da ke tsakiyar wilin, wanda masu sana'ar ke kira hob, shi ne mas'alar da maƙera da mahaya na ƙasashen Turai suka shafe shekaru masu yawa suna saɓani a kanta. Asalin saɓanin kuwa tambaya ce guda ɗaya: shin wajibi ne ƙafar mahayi ta bi wili duk sa'ad da ya juya, ko kuwa ya halatta a yi mata rangwame ta huta alhali keke na tafiya?

A kekunan da gidan Michaux ya riƙa ƙerawa a birnin Faris bayan shekarar 1860, feda a jikin wilin gaba take, juyi ɗaya na ƙafa shi ne juyi ɗaya na wili, saboda haka mai son sauri ba shi da wata dabara illa ya ƙara girman wilin, har aka kai ga kekunan nan masu tsawon da faɗuwa daga kansu ta kan zama sanadin karaya. Sai a 1885 John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila ya fito da kekensa mai suna Rover, wanda kaca ke ɗaukar ƙarfin ƙafa ta kai shi wilin baya. Amma da yake haƙorin baya a ɗaure yake tam da hob, feda ba ta tsayawa muddin wili na juyawa, har ya zamana ana maƙala wasu 'yan ƙarafa a ƙafafun gaba na keken, domin idan an zo gangara mahayi ya ɗora sawunsa a kai, ya bar feda tana ta wulwulawa ita kaɗai, ya kuma yi tawakkali.

Hikimar firiwil, wato haƙorin da ke barin feda ta huta alhali wili na juyawa, ta riga wannan zamani, domin tun 1869 wani Ba'amurke, William Van Anden, ya yi rajistar irinta, sai dai ba ta samu karɓuwa wurin jama'a ba sai dab da ƙarshen ƙarnin. Daga nan al'amura suka yi ta zuwa bi da bi. A 1902 aka fito da hob na Sturmey-Archer mai giya uku a cikinsa, a Nottingham, mahaifar Raleigh; a 1903 kuma kamfanin Fichtel & Sachs na Schweinfurt a Jamus ya fitar da Torpedo, wanda ya haɗa firiwil da birki wuri guda, mahayi ya taka baya keke ya tsaya. Talakawa, waɗanda ba ruwansu da jayayyar masana, nan take suka yi ijma'i a kan firiwil, kuma irin wannan keke mai haƙori ɗaya da firiwil shi ne ya iso ƙasar Hausa da sunan Raleigh, daga baya Phoenix ta Sin ta biyo sawu.

Masu tsere ne suka noƙe. Henri Desgrange, wanda ya assasa gasar zagaye Faransa a 1903, mutum ne mai tsananin ra'ayi, yana ganin duk abin da zai sauƙaƙa wa ɗan tsere wahala bidi'a ce mai rage darajar nasara, kuma ba a yarda a shiga gasarsa da na'urar sauya giya ba sai a 1937. A tsakanin haka mafitar da aka dogara da ita ita ce hob mai fuska biyu, haƙori ƙarami a gefe ɗaya domin shimfiɗaɗɗiyar hanya, babba a ɗaya gefen domin hawa. Idan ɗan tsere ya iso gindin dutse sai ya diro, ya kwance notuna biyu masu fukafukai da yatsunsa, ya zare kaca, ya juya wilin, ya ja shi baya har kacar ta miƙe daidai, ya ɗaure, sa'an nan ya hau, alhali abokan hamayyarsa suna lura da shi, domin wanda ya yi kuskuren lokacin sauka ya ba da tazarar da ba lalle ya sake cike ta ba. An ruwaito, ko da yake wasu masana tarihi suna da magana a kan isnadin labarin, cewa a kan dutsen Croce d'Aune ne sanyi ya daskarar da yatsun wani ɗan tsere, Tullio Campagnolo, har ya kasa kwance notunan, wannan baƙin ciki kuwa shi ya sa ya ƙago maɗaurin da ake buɗewa da ɗan hannu ɗaya. Abin da ya tabbata dai shi ne ya kafa kamfaninsa a Vicenza ta Italiya a 1933.

Inda kafaffen haƙori ya samu mafaka ta dindindin shi ne filin tsere mai da'ira, wurin da ba hawa, ba gangara, ba a kuma yarda da birki ba, tun da wanda ya tsaya kwatsam zai hallaka na bayansa. A nan ne hob ya ɗauki siffar da ya kamata mai saye ya duba da idon basira. Idan ka riƙe shi a hannu za ka ga zare hawa biyu a gefensa: na ciki mai faɗi, wanda haƙori ke ɗauruwa a kansa ta hannun dama, da na waje, ɗan siriri, wanda aka yanka shi a juye domin zoben kulle. Hikimar ita ce, idan mahayi ya danne feda baya don rage gudu, haƙorin ya kan nemi kwancewa, to yunƙurin nan nasa na fita shi ke ƙara matse zoben. Wanda ya ɗaura kafaffen haƙori a hob na firiwil, mai zare hawa ɗaya, ya jefa kansa cikin haɗari, ko da kuwa ya matse shi iyakar ƙarfinsa. Amma firiwil ya kan zauna a hob na tsere ba tare da wata illa ba, abin da ya sa ni, a nawa ra'ayi, na fi ganin maslaha a hob mai zare biyu a kowane gefe.

Japan ta riƙe mazhabar kafaffen haƙori da tsantseni tun da aka fara tseren keirin a Kokura a 1948, inda saboda kuɗin caca da ke kansa ba a yarda da wani ƙarfe ba sai mai hatimin hukumar tseren, wato NJS. 'Yan aiken gaggawa na New York kuma suka rungume ta a shekarun 1980, don ba ta da abin lalacewa da yawa, daga wurinsu samarin birane suka ɗauka. Hob mai fuska biyu da ake sayar musu yau, mai faɗin milimita 120, kafaffe a gefe ɗaya, firiwil a ɗaya, da noti ake ɗaure shi, domin maɗaurin Campagnolo haramun ne a filin da'ira, don haka har yanzu mai son juya wilinsa sai ya yi guzurin sifana mai lamba 15.